Gebisa Ejeta da ƙuduji: mutumin da ya saurari kiran saiwar dawa

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar dawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ya san furen nan mai ruwan hoda da ke fitowa a gindin kara. Baƙo daga birni yana iya tsayawa ya ɗauki hotonsa don kyau. Mai gona kuwa gabansa ne ke faɗuwa, domin ya san dammunan da zai kai rumbu bana sun riga sun ragu. Ƙuduji ke nan, wasu su ce wuta-wuta. Sunan na biyu ya dace da aikinsa, don dawar da ya kama sai ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya ya naɗe kamar an gifta mata wuta, ko da jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Muna yara akan tura mu cirarsa da hannu bayan an gama maimai. Mukan tara shi tuli a bakin gona, hannuwanmu duk sun yi baƙi, mu koma gida muna ganin mun yi aiki. Baɗi sai ya dawo ya fi na bana. Manya sukan ce gonar ce ta gaji. Sai da na girma na karanta aikin wani masani ɗan ƙasar Habasha mai suna Gebisa Ejeta, sannan na gane cewa maganar manyan nan gaskiya ce tsantsa, kuma mu da muke cira mun makara da fiye da wata guda.

Dalilin makarar yana cikin yadda ƙuduji ke rayuwa. Irinsa kamar ƙura yake, bai kai rabin milimita ba, kuma tsiro ɗaya kan zubar da dubun dubatarsa. Yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba. Saboda ƙanƙantarsa ba shi da guzurin kirki. In ya tsiro bai sami saiwar da zai kama cikin 'yan kwanaki ba, mutuwa zai yi. Don haka ruwan sama kaɗai ba ya tsirar da shi kamar sauran ciyayi. Damshi da zafi na mako ɗaya ko biyu suna farkar da shi ne kawai, sai ya zauna yana jiran wani sinadari da saiwar dawa, gero ko masara ke tsattsafowa cikin ƙasa. Da ya ji shi ya san abinci na kusa. Sai ya fito da ɗan zare, ya nufi saiwar, ya yi wani baki ya huda ta har ya haɗe da jijiyoyin da ke kai ruwa da abinci sama. Zai yi makonni yana tsotso a ɓoye kafin ya huda ƙasa. Illar da yake yi ma ta wuce abin da yake sha, domin yana dagula girman uwar ɗakinsa tun tana yabanya. Fartanya ba ta kai wa nan.

Masana sun fara jin ƙamshin wannan sinadari ne a Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 aka ga wani ɗan uwan ƙudujinmu, mai jan fure, a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu. Hankalin hukuma ya tashi, aka killace yankin, aka zuba kuɗi a bincike. A 1966 aka tace sinadarin farko daga saiwar auduga aka sa masa suna strigol. Abin lura shi ne auduga tana tsirar da ƙuduji amma ba ya iya kama ta, sai ya tsiro ya mutu. Wannan ne sirrin da ya sa gonar da aka yi auduga a cikinta takan yi sauƙin ƙuduji in aka koma dawa. Amurkawa sun kusan kawar da nasu ta hanyar killacewa, feshi, da dura iskar etilin cikin ƙasa don ta ruɗi irin ya tsiro babu abin kamawa. Aikin ya ci shekaru gommai da maƙudan daloli. Manomin da ke da eka biyu da jaki ɗaya ba zai bi wannan hanya ba. Abin da zai iya ɗauka ya kai gona ba tare da inji ba shi ne iri.

An haifi Ejeta a 1950 a wani ƙauye mai suna Wolonkomi, yamma da Addis Ababa. Mahaifiyarsa ce ta tsaya tsayin daka sai ya yi karatu, kuma yakan taka kusan kilomita 20 a ƙafa ranar Lahadi zuwa garin da makaranta take, ya dawo ranar Juma'a. Ya yi makarantar aikin gona ta Jimma, ya gama kwalejin Alemaya a 1973, sannan ya tafi Jami'ar Purdue a jihar Indiyana, inda ya sami digirin digirgir a 1978 a fannin gyaran iri da ilimin gadon tsirrai. Daga nan cibiyar ICRISAT, mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, ta tura shi Sudan. A can ya fitar da Hageen Dura-1 a 1983, dawa mai aure mai jure fari, wadda ake lissafa ta a matsayin irin dawa mai aure na farko da ya shiga kasuwa a wannan yanki na Afirka. A Sudan ɗin ne kuma ya ga yadda buda, sunan da suke kiran ƙuduji da shi, ke cinye gumin manoma. Ya koma Purdue a 1984 da wannan damuwa a ransa.

Kafin shi ma masu gyaran iri sun daɗe suna neman dawar da ƙuduji ba ya ci, amma sun yi ta tufka da warwara. Hanyarsu ita ce su shuka ire-ire da yawa a gonar da ke da ƙuduji, su jira kaka su ƙirga. Gona kuwa ba ta faɗin gaskiya kai tsaye. Irin ƙuduji ba a baje yake daidai ba, nan ya yi cunkoso, can babu. Sai wata dawa ta yi kyau bana a ɗauka juriya ce, alhali ta faɗa ne a wurin da babu abokin gaba, baɗi kuma ta ba da kunya. Ga bambancin ruwa, ga bambancin ƙasa, ga shi damina ɗaya ce a shekara. Mutum zai iya ƙarar da rabin rayuwarsa yana gwaji bai san abin da yake zaɓa ba.

A ganina babbar gudummawar Ejeta tana nan, tun kafin a zo maganar wani iri da ya fitar. Ya ƙi ɗaukar juriya a matsayin abu guda dunƙulalle. Shi da abokin aikinsa Larry Butler, masanin sinadaran tsirrai, suka rarraba hulɗar ƙuduji da dawa gaɓa-gaɓa. Akwai gaɓar tsirowa, akwai ta yin bakin da zai huda saiwa, wanda shi ma sai ya sami wata alama daga dawa, akwai ta shiga cikin saiwar, akwai ta ci gaba da girma bayan ya kama. Kowace gaɓa ƙofa ce da za a iya rufewa, kuma kowace tana da ƙwayoyin gado da ke riƙe da ita. In aka sami hanyar auna kowace ƙofa ita kaɗai a ɗakin bincike, an huta da caca da damina.

Gwajin da suka fitar a 1992, tare da Dale Hess, yana da sauƙin da har yanzu yake burge ni. Ana ɗaukar ɗan faranti mai murfi, wanda bai wuce tafin hannu ba. A barbaɗa irin ƙudujin da aka riga aka jiƙa aka farkar, a zuba wani ruwa mai haske da ke daskarewa kamar kamu in ya huce. Sai a ɗauko ƙwayar dawa da ta fara fitar da saiwa a dasa ta a gefe, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi da duhu. Bayan kwana uku a ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan dawar mai yawan kira ce, wato saiwarta na fitar da sinadarin da ke tada ƙuduji sosai, za a ga irin ƙuduji sun tsattsiro har can nesa da saiwar. Idan mai ƙarancin kira ce, sai waɗanda ke dab da ita kaɗai, ko ma babu. Ana auna tazarar da ke tsakanin saiwa da ƙwayar ƙuduji mafi nisa da ta tsiro. Wadda ba ta kai santimita 1 ba, an sami abin nema. Abin da gona ke ɗaukar wata huɗu tana ba da amsarsa a dagule, faranti ya ba da shi cikin kwanaki.

Akwai wani tuntuɓe da aka yi a hanya, kuma yana da kyau a faɗe shi. Sinadarin da ɗakin binciken Butler ya fara ganowa a saiwar dawa a tsakiyar shekarun 1980, dangin wanda ake kira sorgoleone, an zaci shi ne babban mai kira. Daga baya aka ga dawa mai juriya da marar juriya duk suna fitar da shi, kuma ainihin masu kiran dangin strigol ne. Gwajin farantin bai rushe ba, domin tun farko ba sinadari yake aunawa ba. Irin ƙudujin kansa ake tambaya ko ya ji kira.

Da wannan faranti suka tabbatar da cewa wata dawa mai lamba SRN39 ba ta cika tada ƙuduji ba. Da suka haɗa ta aure da wasu, suka bi 'ya'ya da jikoki, sai suka ga halin yana bin ƙwayar gado guda ɗaya, kuma ɓoyayye ne. Ma'ana sai tsiro ya gaje shi ta ɓangaren uwa da na uba duka sannan ya bayyana. 'Ya'yan farko duk masu yawan kira ne, a jikoki kuwa kusan ɗaya cikin huɗu ke fitowa da halin. Ga mai gyaran iri wannan albishir ne, domin hali mai ƙwaya ɗaya yana da sauƙin ɗauka a kai shi cikin dawar da manoma suka riga suka so. Ga masu fargabar irin da aka dasa wa ƙwayar gadon wata halitta, wanda ake ta muhawara a kansa a Najeriya, wannan ba shi ba ne. Bununin wannan dawa aka kai wa waccan, kamar yadda iska ke yi a gona.

A 1994 aka noma tan 8 na waɗannan ire-ire aka rarraba a ƙasashen Afirka fiye da goma, cikinsu har da Nijar, Gana, Mali, Sudan da Habasha. A Habasha aka sake su da sunayen Gubiye, Abshir da Birhan, a Tanzaniya kuma Hakika da Wahi. A 2009 aka ba Ejeta Kyautar Abinci ta Duniya, a 2023 kuma shugaba Joe Biden ya rataya masa lambar kimiyya ta ƙasar Amurka.

Sai dai tambayar da ta fi daɗin bi ita ce: me ya sa dawa ke kiran abin da zai kashe ta? Amsar ta zo daga wasu ɗakunan bincike. A 2005 masana a Japan suka nuna cewa waɗannan sinadarai, da ake kira strigolactone a jimlace, saiwa tana fitar da su ne don gayyatar wasu halittu masu zare-zare, dangin naman kaza, da ke zaune cikin ƙasa. Waɗannan abokan arziki ne. Suna shiga saiwa, su miƙa zarensu inda ita ba ta kai ba, su kawo mata fosfet, ɗaya daga cikin sinadaran da shuka ke ci a ƙasa, ita kuma ta ba su sukari. A 2008 aka ƙara gano cewa sinadaran suna aiki a cikin jikin tsiron ma, su ne ke tsara yawan reshe da 'ya'yan da zai fitar. Kuma an auna an gani cewa duk sa'ad da ƙasa ta rasa fosfet, a dawa har da naitrojin, saiwa tana ƙara yawan abin da take fitarwa. Dawar da ke jin yunwa ita ce ke ɗaga murya tana neman taimako, ƙuduji kuma yana laɓe yana saurare. Da tsofaffi suka ce ƙuduji na gonar da ta gaji ne, wannan suke gani da idonsu. Saura ta ƙare saboda yawan jama'a, ana noma wuri ɗaya dawa bayan dawa, takin gida bai isa ba, kamfa da supa sun yi tsada. Kowace shekara kiran na ƙaruwa, irin ƙuduji na ƙara taruwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya fi talauci shi ya fi shan wannan azaba, domin gonarsa ce ta fi yunwa.

Wannan ya kawo wata damuwa. In an rufe bakin dawa gaba ɗaya, ai an raba ta da abokanta, an kuma dagula girmanta. To yaya SRN39 take rayuwa lafiya? Amsar ta fito a 2017, lokacin da tawagar Ejeta, da Daniel Gobena a gaba, tare da masana daga Jami'ar Wageningen ta Holan, suka gano ƙwayar gadon kanta, wadda ake kira LGS1. Ashe dawar ba shiru ta yi ba. Harshe ta sauya. Dawar da LGS1 ɗinta ke aiki tana fitar da 5-deoxystrigol, wanda ƙuduji ke ji tun daga nesa. Wadda nata ya lalace ko ya ɓace tana fitar da orobanchol, ɗan uwansa ne na kusa amma sifarsa ta ɗan karkata, kuma ƙuduji ba ya jin sa sosai. Abokan arzikin nan kuwa suna ci gaba da zuwa. Daga lokacin da aka ga halin a faranti zuwa lokacin da aka kama ƙwayar da ke haifar da shi, shekara 25 ke nan. Amfaninsa a aikace shi ne yanzu mai gyaran iri yana iya yankar ɗan ganye ya duba ko tsiro na ɗauke da halin, tun yana yabanya.

Wani bincike da Emily Bellis da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya duba ɗaruruwan ire-iren dawa na gargajiya, ya ga cewa wannan hali ya fi yawa a dawar yankunan da ƙuduji ya fi addaba, musamman a Afirka ta Yamma. Ke nan kakanninmu da ke shiga gona kafin girbi suna zaɓar zangarniyar da ta tsira su rataye ta don iri, sun daɗe suna wannan zaɓe ba su san sunan abin da suke zaɓa ba. Binciken ya kuma nuna alamar cewa halin yana da ɗan farashi a wajen yadda ganye ke sarrafa hasken rana, kuma ƙudujin wani yanki ya fi na wani jin sabon kiran.

Wannan batu na ƙarshe bai kamata a raina shi ba. Ƙudujin dawa ba ya barbarar kansa, sai ƙwari sun kai bununi daga wannan fure zuwa wancan, don haka 'ya'yansa sun bambanta da juna ƙwarai. In aka dogara da ƙofa ɗaya shekara da shekaru, 'yan kaɗan ɗin da ke iya jin sabon harshe su ne za su hayayyafa. An ga irin haka a wake. B. B. Singh da abokan aikinsa a tashar Kano ta cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun ɗauko juriya daga wani wake na Botswana mai lamba B301 suka sa a ire-iren da suka fitar, kuma daga aikin tashar aka sami wanda Najeriya ta saki da sunan SAMPEA 10. Amma a Zakpota ta ƙasar Benin an sami ƙudujin wake da ya karya juriyar B301. Shi ya sa Ejeta ya dage kan tara ƙofofi da yawa a dawa guda: mai ƙarancin kira, wadda kuma saiwarta ke kashe wurin da aka huda ta, wadda kuma ƙuduji ke tsumburewa in ya kama ta.

Shi ya sa kuma bai taɓa tallata iri shi kaɗai ba. A gwajin da ya jagoranta a Habasha a farkon shekarun 2000, abu uku aka haɗa: iri mai juriya, taki, da kunya mai ɗauri da ke tare ruwan sama a gindin shuka. Haɗin ya fi kowane ɗayansu amfani nesa ba kusa ba, kuma dalilin a bayyane yake ga wanda ya bi bayanin da ya gabata. Manoman Nijar suna da makamancin wannan a hannu, wato ramukan tassa da ake zuba taki a ciki, da dabarar sa ɗan takin zamani cikin murfin kwalba a kowane rami, wadda aka gwada a tashar ICRISAT ta Sadore. In aka ƙara da juya shuka da waken suya, gyaɗa ko auduga, irin da ke kwance a ƙasa zai riƙa raguwa maimakon ƙaruwa.

Inda nake ganin tasirin wannan bincike ya tsaya cak shi ne tsakanin ɗakin bincike da hannun mai shuka. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, kuma cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar da ire-iren dawa masu suna SAMSORG da dama. A Nijar, haɗin gwiwar Purdue da cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAN, ya haifar da dawa mai aure NAD-1, ya kuma horar da masana irin su Issoufou Kapran. Duk da haka yawancin manomanmu daga rumbu ko daga kasuwa suke ɗibar abin shukawa. Ba taurin kai ba ne. Manomi yana son kaura ko farafara saboda tuwonta, saboda dogon karanta da zai yi danga da abincin dabbobi, saboda tana nuna bayan ɗaukewar ruwa ba ta yi funfuna ba. Gajerar dawa mai saurin nuna, in ita kaɗai ce a unguwa, tsuntsaye ne za su yi biki a kanta. Juriyar da ba a sa ta cikin dawar da mutum ke so ba, ba za ta shiga gonarsa ba. Ga kuma wata matsala da ta fito daga ilimin gadon kansa: tunda halin ɓoyayye ne, bununin gonar maƙwabci yana iya dishe shi a hankali in ana ajiye iri shekara bayan shekara, don haka dole a sami masu noman iri na kusa da ke sabunta shi. Wani babban kaso na kuɗin da ya ɗauki nauyin aikin Purdue a Afirka daga USAID ya fito, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, ta shirin binciken dawa da gero na INTSORMIL, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar. In gwamnatocinmu ba su ɗauki nauyin masu gyaran irinmu ba, ban ga wanda zai sa LGS1 cikin kaurar Kano ko dawar Ƙonni ba. Gero kuwa, wanda shi ne abincin yankunan da suka fi bushewa, aikin neman masa juriya yana can baya da na dawa.

Akwai abu ɗaya da ba ya jiran kowace hukuma. Masanan IITA sun taɓa sayen hatsin shuka a kasuwanni suka tankaɗe shi, suka sami irin ƙuduji a ciki. Yana shiga ne lokacin da aka kwantar da zangarniya a ƙasan gonar da furen ya riga ya bushe ya fashe, ko aka yi sussuka a nan. Daga nan sai ya bi buhu, ya bi mudu, ya sauka a gonar da ba ta taɓa saninsa ba. Zangarniyar da za a ajiye don iri, a yanke ta tun tana tsaye a kan kara, kada ta taɓa ƙasa. Ƙudujin da yara suka ciro kuma, in ya riga ya yi fure, kada a bar shi tuli a bakin gona kamar yadda muka riƙa yi, domin yana ƙarasa nunar da irinsa ko bayan an cire shi. A haɗa shi a ƙone tun ranar.